Mai Shaidar Haulatu Yana Teku

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Mayu na shekarar 2004, an wayi gari da yayyafi a tsakiyar teku, irin wanda ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa. Sama da ruwa sun zama launi ɗaya, launin toka. Jirgin bincike yana tsaye wuri guda, tafiyar kwana biyu daga Legas. Nu'uman yana ta bayan jirgin sanye da rigar ruwa, ya dafa ƙarfe, yana kallon igiya tana hawowa daga cikin teku.

Nu'uman mutumin Dutsi ne, kusa da Daura. Har ya shekara sha tara bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin bayan garinsu ba, amma karatu ya yi ta jan sa har ya zama masanin teku. Aikinsa shi ne auna iskar da ke narke a cikin ruwa mai zurfi, wadda kifi ke shaƙa. Shekara uku ya yi yana neman gurbi a wannan jirgi na Turawa kafin ya samu. A ƙarshen igiyar ƙarfen nan, can ƙasa fiye da kilomita uku, akwai wani keji mai ɗauke da kwalabe ashirin da huɗu da na'urorin awo. Ruwan da ke cikin kwalaben nasa ne. Wannan ce tsayawa ta ƙarshe, ita ce kuma mafi zurfi. Daga nan sai Legas, ranar Juma'a.

Ƙarfe tara da 'yan mintoci injin da ke naɗe igiyar ya yi wata ƙara mai tsinka zuciya, ya fitar da hayaƙi, ya tsaya.

Juma'ar nan ba ƙaramin abu ba ce a wurin Nu'uman. Talata mai zuwa ana jiran sa a kotun shari'a a Daura.

Akwai wani malamin firamare a Dutsi, Malam Ɗantsoho, wanda ya koya masa rubutu, ya kuma riƙe shi a gidansa shekara shida. Matarsa Haulatu ba ta taɓa haihuwa ba, ita ta riƙa wanke wa Nu'uman kayan makaranta, shi ya sa yake ce mata Inna. Shekara huɗu da suka wuce, da ya je hutun Sallah, Malam ya ja shi da liman Abbas zuwa fadamarsa, suka tsaya a bakin rijiya, ya ce, “Ku shaida, wannan wuri na ba Haule kyauta. Ita ta dasa mangwaron nan, ita ke ban ruwa.” Ba a rubuta komai ba. Tsakanin miji da mata wa zai kawo maganar takarda? Liman ya rasu bara, Malam ya bi shi bayan wata biyar. Sai ƙanen Malam, Mainasara, ya ce shi dai aro ya sani, fadama ta shiga gado. Alƙali ya ce wa Haulatu ta kawo shaida ko da ɗaya ne, ta haɗa da rantsuwarta, wuri ya zama nata. Shaidan da ya rage a duniya Nu'uman ne. Sau biyu ana ɗage zama saboda shi, sau ɗaya yana jarrabawa a ƙasar waje, sau ɗaya zazzaɓi ya kwantar da shi a Legas. A na uku alƙali ya ce daga wannan babu wani.

Da la'asar shugabar bincike ta tara su a ɗakin cin abinci. Wata dattijuwar Baturiya ce mai gajeren gashi fari fat, kowa Farfesa yake ce mata. Babban injiniya ya yi bayani a gajarce. Wani haƙori ya karye a cikin injin, sai sun ƙera sabo a nan cikin jirgi, aikin kwana shida ko bakwai. Jirgi kuwa ba ya tafiya da igiya mai tsawon nan tana reto a ƙarƙashinsa. Ko dai a yanke ta a bar wa teku keji da kwalabe a isa Legas ranar Juma'a, ko a zauna.

Farfesa ta ɗauki takarda da biro. Ta ce ba za ta tsare kowa ba idan yana da uzuri mai ƙarfi a tudu, don haka za ta tambayi kowa. Ta fara daga dama. Wani ya ce zai canza tikitin jirgin sama. Wata ta ce mijinta ya saba. Aka yi dariya.

“Nu'uman,” in ji ta, “ruwan nan naka ne, don kai na fi son mu tsaya. Akwai abin da ke jiran ka a gida?”

Ya sunkuyar da kai. Babba ce, a gaban jama'a, kuma ga shi ta ce alheri take yi masa. A inda ya tashi, yaro ba ya ɗora damuwar gidansu a kan babba daga tambayar farko. Sai ya ce babu komai, babban ya ce a'a, faɗa mini, ya sake kaucewa, a na uku a ja shi gefe, sannan magana ta fito.

“Babu komai, Farfesa,” ya ce. “Duk abin da kuka yanke.”

Ya jira. Ta yi ɗan zane a takardarta, ta juya ga na kusa da shi.

Ba su fi mutum biyu masu jin Hausa a jirgin ba. Na biyun shi ne Baba Mati mai girki, mutumin Kongolam, wanda ya bi motar shanu zuwa Legas yana saurayi bai sake komawa ba. Yana tsaye da butar shayi lokacin da aka yi tambayar, kuma ya san maganar kotu, don Nu'uman ya sha ba shi labari. Da mutane suka watse ya kira shi kicin, ya miƙa masa wuƙa da kwandon albasa.

“Yanka. Tunda bakinka ba ya aiki, hannunka ya yi.”

“Baba Mati, ai na ɗauka za ta sake tambaya.”

“Wa? Ita? Ka ɗauka hakimin Dutsi ce? Dakta, shekara ashirin da shida ina dafa wa mutanen nan abinci. Idan suka ce za ka ƙara, ka ce a'a, kafin ka rufe baki sun ɗauke kwanon. Satina na farko da yunwa na yi shi.”

“A gaban mutane fa ta tambaye ni.”

“To da a ina za ta tambaye ka, a zauren gidanku? Duk karatun nan naka, ka san abin da ke ƙasan teku, ba ka san wanda ke zaune kusa da kai ba. Tashi ka je yanzu.”

Nu'uman ya ce zai je. Ya wanke hannu, ya hau bene har ƙofar ɗakinta, ya ji tana magana da kyaftin, ya juyo. Ya ce wa kansa da safe ya fi. Akwai kuma wani abu da bai gaya wa Baba Mati ba. Lokacin da aka ce za a zauna, wani sashe na zuciyarsa ya yi sanyi, saboda kwalabensa.

Laraba ta zo ta wuce. Jirgin taku saba'in ne daga gaba zuwa baya, ya ƙirga ya fi sau ashirin. Ɗakin kwanansa bai kai rumbun gero ba, gado a sama gado a ƙasa, da taga guda mai kamar faifai wadda ba ta buɗuwa. Ko'ina warin man dizal da gishiri. Ƙugin inji ba ya yankewa, har mutum ya daina jin sa sai a haƙoransa. Duk lokacin salla sai ya hau wurin matuƙa ya tambayi gabas, domin jirgin yana juyawa a hankali yana bin iska, inda ya fuskanta da azahar ba nan ba ne da la'asar. A ɗakin gwaji ya ci gaba da aikin ruwan da suka ɗebo a baya, yana ɗiga magani a kwalba ɗigo ɗigo har launin ya washe, ya rubuta lamba, ya ɗauki wata. Sau uku Farfesa ta wuce ta bayansa. Sau uku ya buɗe baki ya gaishe ta kawai.

Sai ranar Alhamis da hantsi ya iya. Ya tsaya a gabanta hannu a baya, ya faro tun daga Malam Ɗantsoho da makarantar firamare. Ta saurara har ya kai kan kotu, sannan ta cire tabarau.

“Ranar Talata ka san da wannan?”

“Na sani.”

“Na tambaye ka.”

“Kin tambaya, Farfesa.”

“To me ya sa?”

Ya ce a wurinsu ba a amsawa a karo na farko. Ta daɗe tana kallon sa, ba da fushi ba, kamar dai ya gaya mata wani awo da bai yi daidai da lissafi ba.

“Shekaranjiya hukuncin a hannuna yake,” ta ce. “Da ka faɗa, da na sa an yanke. Keji ana sayen wani. Amma na riga na sanar da masu jirgin cewa kowa ya yarda, sun hana a taɓa igiyar, kyaftin kuma ya saki gurbinmu a tashar Legas sai Juma'a ta sama. Zan rubuta musu. Kada ka sa rai.”

Ta ba shi izinin amfani da wayar jirgi, mai bi ta tauraron ɗan'adam, minti goma a rana. Amsar masu jirgi ta zo ranar Asabar, layi biyu. Ba su yarda ba.

Haulatu ba ta da waya. Ƙanenta Jafaru, mai ɗinki a Daura, shi ke da salula, ita ma sai ya fito bakin titi take kamawa. Ranar Lahadi ya ɗauko ta daga Dutsi a kan babur don su yi magana. Muryar takan yi jinkiri kafin ta iso, sai su yi ta karo da juna.

“Inna, ina wuni?”

“Nu'umanu? Kana ina? Ka iso Kano?”

“Inna, ina cikin ruwa har yanzu. Inji ya lalace.”

Yana jin ƙarar babura da wani mai tallan ruwan sanyi a can Daura, sarai kamar ya miƙa hannu.

“Kana cin abinci dai?”

“Ina ci. Inna, Talata ba zan samu zuwa ba.”

“To. Ai ba komai. Aikinka shi ne gaba. Allah ya fito da kai lafiya.”

Ya san wannan ba komai ɗin, da shi aka raine shi. Ya ce, “A'a Inna, faɗa mini.” Ta ce zafi ne kawai ya yi yawa bana, ko hadari ba a gani ba. Ya sake tambaya. Sai muryarta ta karye, ta ce jiya Mainasara ya zo da wasu mutum biyu suna zagaya fadamar suna nuna itatuwa da sanda, ita tana tsaye da guga a hannu ba wanda ya ce mata sannu. Minti goma suka cika.

Ya zauna ya rubuta shaidarsa da hannu, shafi biyu, ranar da wurin da kalmomin Malam yadda ya faɗe su. Kyaftin ya buga hatimi, aka tura ta fakis, na'urar aika takarda ta waya, zuwa wani shago a Katsina, Jafaru ya je ya karɓo ranar Litinin. Baba Mati ya kawo masa tuwon semo da miyar kuka daga ɗan ƙullin da yake ɓoyewa don kansa.

“Ci. Gobe idan alƙali ya tambaye ka, ka amsa tun a ta farko. Kada ka tsaya yi masa kara shi ma.”

Talata ta zo da rana tas, teku ya kwanta kamar an shimfiɗa tabarma. Ƙarfe goma Nu'uman ya shiga ɗan ɗakin waya ya rufe ƙofa. Jafaru ya ɗauka da raɗa, ya ce an kira su, ya roƙi alƙali, alƙali ya ce a kawo wayar. Aka ji motsin takardu da kukan fanka.

“Salamu alaikum. Wa ke magana?”

“Allah ya gafarta Malam, Nu'uman ne, ɗan Maharazu na Dutsi.”

“To. Ina jin murya. Mainasara, matso. Ka san wannan murya?”

Daga nesa Mainasara ya ce, “Allah ya gafarta Malam, yaron ya fi shekara goma ba ya zama cikinmu. Kamar shi, kamar ba shi ba. Ba zan ɗauki nauyin abin da ban gani ba.”

Alƙali ya koma kan takardar. Ya ce tawadar ta yi dishi-dishi, hatimin kuma na wani ne da bai sani ba. Ya tambaya ko akwai mutum biyu a zauren da suka san rubutun hannun Nu'uman. Babu wanda ya motsa. Mutumin da ya san rubutun nan tun yana karkace shi ne Malam Ɗantsoho.

“Ɗana,” in ji alƙali, muryarsa a sanyaye, “shaida sai an ga mai ita, wanda ake ƙara ya dube shi ya yi masa tambaya. Sau biyu na ɗage don kai. Shi ma wannan bawan Allah yana da haƙƙi a kaina. Amma idan abin da ya tsare ka ya fi ƙarfinka, zan duba. Ciwo ne?”

“A'a. Injin jirgi ne ya lalace.”

“Babu yadda za a yi a fito da kai?”

“Da akwai, Allah ya gafarta Malam. A ranar farko.”

“Shugabanninka sun san kotu na neman ka?”

Nu'uman ya dubi bangon ƙarfe da ke gabansa, fari, da ɗan tsatsa a gefen ƙusa. Babu wanda ke zauren nan da zai taɓa sanin abin da aka yi a ɗakin cin abinci. Kalma ɗaya ta isa, ya ce sun sani sun hana. Amma shi shaida ne, abin da ya kira ya yi ke nan, kuma Inna tana zaune tana ji.

“An tambaye ni ko akwai abin da ke jira na. Na ce babu komai.”

Ya ji wani ya yi tsaki, ya ji wata mace ta ce innalillahi a hankali.

“Don me?”

“Kunya, Allah ya gafarta Malam. Na jira a sake tambaya ta.”

“Na gode da ka faɗi gaskiya,” in ji alƙali. “Da ka zo, da irin shaidarka ake nema. Amma wannan ba uzuri ba ne da zan tsare wani a kansa. Jafaru, karɓi wayarka. Mainasara, kana da alwala?”

Jafaru bai kashe ba, ya sa ta a aljihu. Ta cikin yadin riga Nu'uman ya ji Mainasara yana rantsuwa cewa bai san da wata kyauta ba. Mai yiwuwa ma gaskiyarsa ce, ba ya wurin ranar. Daga nan layin ya yanke.

Ya fito. Rana ta dake shi a ido. Babu inda za shi, sai ya tafi bayan jirgi inda injiniyoyi ke ɗaura sabon haƙori, ya tsaya yana miƙa musu sifana. Baba Mati ya leƙo daga ƙofar kicin, ya dubi fuskarsa, ya koma ciki.

Washegari da hantsi injin ya tashi. Awa huɗu igiya tana hawowa a hankali, kowa ya fito ya tsaya. Da kejin ya huda ruwa yana zuba, aka yi ta tafi da ihu, wani ya rungume babban injiniya. Farfesa ta zo ta tsaya kusa da Nu'uman, ta ce ruwan ya daɗe a kwalba, amma na'urorin sun riƙe awonsu, aikinsa zai tsaya. Ya ce ya gode. Ya ɗauko ƙananan kwalabensa ya durƙusa ya fara ɗiba, ruwan yana da sanyi kamar ƙanƙara, yana bi ta yatsunsa. Ya yi aikin daidai, bai zubar da ko ɗaya ba.

Sun sauka Legas ranar Juma'a. Ya isa Dutsi ranar Lahadi da yamma, ya tarar masu rabo sun riga sun zo da igiyar awo sun kafa turaku. Da yake Malam bai bar ɗa ba, rubu'i ya faɗo wa Haulatu, ta gefen tudu. Ta kawo masa ruwa a kwanon sha, ta tambaye shi hanya, ta ce ya rame.

Jirgi ya yi asarar kwana bakwai, da kwalba biyu da suka tsage, da mita tamanin na igiya da aka datse saboda ta murɗe. Haulatu ta rasa kashi uku cikin huɗu na fadamar, da rijiyar, da mangwaro tara cikin sha ɗaya, da gwaiba shida, da kwami arba'in na albasa da ba ta kai ga cirewa ba.